Ewangay, Wanda Ya Tsaya a Kan Tazargade

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Safar, aka sauko da gawarka daga dutsen Bagzan bisa jaki, Ewangay taubashina. A masallaci ana ta cewa ajali ne. Ajali ne, amma ni na wanke ka. Na ga inda diga ta shiga ƙeyarka, na ga yatsunka uku a karye.

Kai ka koya mini tazargade, kuma da duka ka koya mini. Muna samari na tumɓuke wata har saiwa, ka zabga mini sandar raƙumi a baki, haƙori ya fita. Ka ce, "Kai jakin dutse, in ka cinye uwa, wa zai haifa maka 'ya baɗi?" Har yau ina ganin dukan ya yi yawa. Amma tun ranar wuƙa nake sawa, in bar taƙi guda sama da ƙasa. Kai ka nuna mini ganyenta mai launin toka, wanda in an murza ƙamshinsa ke hawa ka. Wadda ba ta ɗaci a harshe, ka ce a bar wa awaki. A inuwa kake shanya ta.

Shekara biyu ban gaishe ka ba. Cikin gabar nan ciwon ciki ya kwantar da matata, ka aiko matarka Tekna da ƙullin tazargade, aka tafasa, ta sha, ta tashi. Ban gode maka ba. Yau na gode.

Ƙorama ɗaya ta rage mai tazargade a gefenmu, sauran kuwa 'yan buhu, masu haƙa don sayarwa, sun ƙwaƙule su. Ranar nan su huɗu suka bar mota a gindin dutse, suka hau da diga. Ka tsaya a kan tsiron kai kaɗai, da shekara saba'in. Makiyayan da suka hango sun ce ka fasa wa ɗaya kai kafin su kayar da kai. Baƙin nan ba su san hanya ba. Ɗanka Gumur ne ya nuna musu. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka zafin hannunka, ya sanyaya makwancinka. Ina yi wa Tekna da 'ya'yanka mata da mutanen Tabelot ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Gumur kuwa ya miƙo mini hannu a zaman makoki, na bar shi a miƙe. Sai ya faɗi sunayen mutum huɗun nan gaban jama'a tukuna, sannan in yi masa gaisuwa.