Farantin Kaka da Jirgin Yaƙi

Tun ranar da na kai wa tsohon Anasaran nan naman layya raina bai kwanta da shi ba. Maƙwabcinmu ne a La Courneuve, a gefen Paris, ƙofarsa na kallon tamu, matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. An ce da can makanikin jirgin sama ne. Kwanukana duk sun tafi gidajen mutane a wannan Sallar, sai maigidana ya ce kunya ce a tsallake dattijon da ke riƙe mana ƙofar asansar, na'urar hawa bene. Na duba kicin, ba abin da ya rage sai farantin Kaka.

Farantin ba kyau gare shi ba. Farin ƙarfe ne marar nauyi, da ƙananan huji jere a gefensa. Kaka ta ce lokacin babban yaƙin Nasara wani jirgi ya faɗi a dajin Damagaram, mutane suka kwashe tarkacensa, maƙeri ya lanƙwasa bakin wani yanki ya yi wa uwarta faranti. A wajenmu kowace mace tana sa wa kwanonta shaida don kada ya ɓata a gidan biki. Kaka ba ta iya rubutu ba, sai ta tsoma babban yatsanta a jan fenti ta danna a bayan farantin. Da zan taho Faransa ta sabunta shaidar a gabana, ta miƙa mini. Ban sake ganinta ba. Bayan farantin nan ko soso ba na bari ya taɓa.

Tsohon ya karɓa ya yi godiya, amma naman ma bai kalla ba. Ya juye shi a nasa kwano, ya ɗaga farantin wajen haske, yana bin hujin nan da farce. Na miƙa hannu, ya ce in bar masa shi ɗan lokaci. Mu dai ba a tsaya a bakin ƙofa a karɓi kwano, ana jira a dawo da shi, kuma ba ya dawowa wayam, ko sukari ne sai an saka. Na koma ɗaki ina cizon yatsa.

Kwanaki suka shuɗe, shiru. In mun haɗu a matakala sai ya washe baki ya ce, “Madam, haƙuri kaɗan.” Haƙurin me? Faranti ne ko shari'a? Maigidana ya ce na cika zargi. Na ce masa, “Alhaji, kai ka taɓa shiga gidajen kayan tarihin garin nan? Duk abin da ke bayan gilashi daga ɗakin kakar wani ya fito, kuma kowanne da haƙuri kaɗan aka fara.” Ya yi dariya ya tafi shagonsa a Barbès. Ni ban ga abin dariya ba.

Sai tsohon ya ɓace. Matar da ke gadin benen ta gaya mini ta gan shi da jaka da wani abu mai faɗi naɗe a tawul, ya ce mata Lyon za shi wajen abokansa masu jirage. Na kira ƙanena da ke karatun injiniya a Villeurbanne, kusa da Lyon, ko gaisuwa ban bari ya gama ba. Ya ce ya san wurin, wata babbar rumfar kwano ce a bayan gari inda tsofaffi ke gyaran jiragen yaƙin da. “Yaya, a kan faranti za ki hau jirgin ƙasa?” Na ce ya jira ni a gar, wato tashar jirgin, ya kuma rage surutu.

A hanya na shirya maganata tsaf da Faransanci, har da inda zan ambaci ƴan sanda. Muka hau tiram, jirgin cikin gari, muka sauya bas, muka ƙarasa da ƙafa.

Ban taɓa tsayawa kusa da irin wannan jirgin ba. Farfela biyu gare shi, kowane reshenta ya fi ni tsawo, hancinsa na gilashi, cikinsa a buɗe, wurin duk warin mai. Tsofaffi cikin shuɗin kayan aiki suna kewaye da shi kamar masu jinya. Ƙanena ya saki baki yana faɗa mini yadda jiragen nan suka yi suna a yaƙi. Ni idona na kan teburorinsu, ina neman tawul.

Tsohon ne ya fara ganina. Na zaci zai ruɗe, sai ya taho hannu biyu a buɗe yana kiran abokansa su zo su ga mai farantin. Wannan ya ƙara mini zargi, na ce a raina an riga an shirya yadda za a lallashe ni. Ya ja mu ƙarƙashin fiffike, ya nuna wani murfi da ake buɗewa a duba cikin jirgi. Hujinsa iri ɗaya da na farantina, jeri ɗaya, tazara ɗaya. Na daɗe ina kallon wurin. Ashe Kaka ba tatsuniya ta yi mana ba.

Kafin in buɗe baki ya kawo farantin ya ɗora a hannuna. Ya ce, “Naki ne, Madam. Wata maƙwabciya ta gaya mini a wajenku ba a mayar da kwano wayam. Ni ban iya girki ba, shi ne na ce bari in mayar miki da shi tare da asalinsa.” Duk maganar da na haddace ta tashi a banza. Farantin yana ƙyalli kamar sabo.

Na juya bayansa.

Babu komai sai wasu lambobi ƙanana da aka buga a ƙarfen, waɗanda ban taɓa sanin suna nan ba. Tsohon ya matso da murna ya ce wani jan datti ne ya rufe su, ya sha wahala kafin ya fita, amma yanzu sun tabbatar da irin jirgin. Ƙanena ya san shaidar, shi ma Kaka ce ta goye shi. Ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

Na yi wa tsohon godiya. Na zo da shirin faɗa da ɓarawo, ga shi babu ɓarawo. A jirgin komawa Paris na rungume farantin ina kuka, wata mata ta miƙo mini hankici.

Har yau ina kai masa nama duk Sallah, a kwanon roba, kuma ban taɓa gaya masa ba. Alhaji ya sayo mini ƙaramin gwangwanin jan fenti ya ce in danna nawa yatsan. Gwangwanin na nan a kicin ban buɗe ba. In na wanke farantin, babban yatsana da kansa yake zuwa wurin, sai ya tarar da lambar jirgi.