Ƙafar Baffana da Keken Ɗinkinsa

Ina da shekara goma sha huɗu lokacin, ba a daɗe da sauke tutar Faransa ba, kuma duk Cadawa babu yaron da ya kai ni shan bulala. Rabinta a lakol, wato makarantar boko, sauran a hannun baffana, ƙanen mahaifina, tela ne. Mutum ne da in ya yi tari kaji ke daina ƙwai. Yana da keken ɗinki na ƙafa, wanda ko kallonsa na yi sai ya ce idona zai sa masa tsatsa. Na tsane shi, shi ma bai taɓa ɓoye cewa da ni gara akuya ba.

Ana tsakiyar cirar gyaɗa ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da wanzami ya gaji da ƙaho, aka ɗauko wani malamin likita daga Agiye. Ya ga keken, ya ce ai ga magani a ɗaki. A zaunar da shi, a ɗaure ƙafar da ta mutu a kan matakin keken, mai lafiyar ta riƙa jan ta, safe da la'asar, kafin jijiya ta sandare. Kowa na gona, sai aka ɗora mini.

Kwana uku na yi da gaskiya. Ƙafar nan ta fi turmi nauyi, in na kuskure kuma ya kai mini ranƙwashi da hagu, wadda ciwon ya ƙara wa ƙarfi. Ran na huɗu na ja shi gefe da kujerarsa, inda hannunsa ba ya kai ni, na hau keken nan da kaina. Na ɗinke tsummokaran gidan kaf, har jakin maƙwabta na yi wa hula. Ina yi ina tambayarsa ko ya ga tsatsa. Shi kuwa sai gurnani, yawu na zuba. Matarsa na jin ƙara daga madafa tana hamdala, tana gaya wa masu dubiya malam yau kamar jirgin ƙasa, har ƙosai take ƙara mini.

Bayan wata huɗu malamin likita ya dawo. Ya kama ƙafar ya lanƙwasa, ta ƙi, kamar icen kirya. Ya tambaya ko ana yi, matar ta rantse har da hawaye. Ya dubi tafin ƙafar baffa, ya dubi tarin ɗinkina a ƙarƙashin gado. Sai ya gaya wa mahaifina abin da ake tsoro ya faru, lokaci ya wuce.

Bakin baffa ya ɗan buɗe daga baya. Na yi ta jiran ya tona ni in sha dukana in huta, bai yi ba. Abin da ya iya haɗawa kawai shi ne kada in ƙara shiga ɗakinsa. Yau shekara uku, da gindi yake jan jiki zuwa alwala, in na miƙa buta ya kau da kai.

Na gane wanda ba ya iya kai ƙara shi ya fi wuyar biya. Ku da aka bar wa majinyaci, in ba za ku iya ba ku faɗa tun da wuri a sa wani. Ni na rama bulalata, amma da ƙafar mutum na rama.