Kifin da Buba Ya Kai wa Innarsa

Da daminar bana abokina Buba ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Ba wanda ya tuna sai ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba, ko saniya ɗaya bai bari ba, shi da aka haifa a tsakiyar garke. Ni ma gwiwa ce ta tuna mini, don ciwonta kan tashi duk lokacin da ruwa ya fara shigowa fadama, kuma a irin wannan lokacin muka binne shi. Sai na ce bari in rubuta wani abu a jarida tun hannu yana iya riƙe alƙalami, ko ba komai sunansa ya shiga idon wani.

Buba Bafulatani ne, rugarsu tana bayan ƙauyenmu a ƙasar Auyo. Ni kuwa ɗan masunta ne, kaka da kakanni. Tun muna yara muke haɗuwa a mashaya, shi ya koro shanu, ni ina shanya homa, ragarmu ta kamun kifi. Ya toshe hanci ya ce ƙarnina zai hana shanunsa shan ruwa, ni kuma in ce ai ƙafarsa ce ta gurɓata mana kogi. Haka muka girma, muna yi wa juna tsiya muna raba goro.

A shekarun farko na mulkin kai ciwon bushiya ya shiga garkensa. Kafin rani ya raba tsakiya, daga shi sai sanda. Na wansa Sambo sun yi saura kaɗan, don yana can wajen Kafin Hausa da su lokacin da cutar ta ɓulla. Fulani suna da wata al'ada da ban taɓa gajiya da yabonta ba: in shanun mutum suka ƙare, ɗan'uwa kan ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta hayayyafa, ya ɗauki maruƙan, ya mayar da uwar. Sambo ya yi masa alkawarin karsana in damina ta faɗi. Wannan karsana ita ce duk abin da Buba ya sa a gaba, don da ita zai sake zama mutum a cikin danginsa.

Sai dai tsakanin alkawarin da damina akwai watanni, ga mata, ga tsohuwa, ga yunwa. Wata rana ya same ni a bakin ruwa, ya tsaya yana zane ƙasa da sanda.

“Idi, koya mini hawan gorar nan taku.”

A wajenmu masunci kan kwanta da ciki a kan babbar gora, yana tura ruwa da ƙafa, homa a hannu, abin da ya kama ya jefa a cikin gorar. Buba, da yake iya tsayawa da ƙafa ɗaya a bayan shanu har rana ta karkata, ya kasa kwanciya a kan gora. Da ya hau sai ta juye da shi. Ruwan da ya sha a makon farko ya isa ban ruwan shukar albasa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle, kuma ba na nadama, don shi ma dariyar yake yi. Daga baya ya iya, ko da yake har ya mutu in ya ga tarwaɗa ta yi motsi sai ya zabura.

Fulanin daji na wajenmu a wancan zamanin ba sa cin kifi. Ba addini ne ya hana ba, limaminmu ya sha faɗa cewa halal ne, ko yanka ba ya buƙata. Al'ada ce kawai, har suna cewa ƙarninsa kan busar da hantsar saniya. Mutanen rugar sun san inda Buba yake wuni, amma tun da gero yake kawowa, kowa ya kau da kai.

Innarsu ce ta fara ramewa. Shanun Sambo sun ƙafe, ba nono, tsohuwa kuwa ba ta iya haɗiyar tuwo gaya. Buba ya zaɓi bandar tarwaɗa mai maiƙo ya kai mata, ya rasa inda zai ajiye, sai ya sa a ƙwaryarta ta tatsa, wadda ta yi watanni a kife ba ta ga nono ba. A ganinsa ƙwaryar da ba komai a ciki ai ƙwarya ce kawai. Sambo ya shigo ya gani. Ya sa sanda ya fasa ƙwaryar, kifin ya watse a ƙasa, ya ce a gaban kowa wanda ya zuba kifi a ƙwaryar nono ba zai riƙe masa karsana ba. Inna ba ta ce uffan ba, ta juya fuskarta wajen bukka. Buba ya gaya mini sandan Sambo bai dame shi ba kamar wannan shirun. Kafin mako ya zagayo iyayen matarsa suka zo suka tafi da ita, shi kuma ya dawo zauren gidanmu.

Ya bari zukata su huce. Da ruwan farko ya sauka, ya sayi goro, ya ce in raka shi ya ba da haƙuri. Muka isa da hantsi. Ba bukka, ba shanu, ba kowa. Sai tokar murhu da ruwa ya daddanne, da ramukan turaku, da busasshen kashin shanu. Sun tashi, ba su bar masa ko saƙo a bakin maƙwabci ba. Ni raina ya ɓaci, na fara zagi, har da waɗanda ban sani ba. Shi kuwa ya zaga wurin a hankali, ya tsaya inda bukkar Inna take, ya daɗe. Sannan ya je wani tafki nan kusa ya yi alwala, ya dawo ya yi raka'a biyu a daidai wurin. Da ya sallame ya kwance goron ya miƙo mini ɗaya.

“Ci, Idi. Su sun tashi. Wanda ya halicce ni bai tashi ba, yana nan inda na san Shi.”

A lokacin maganar ba ta shige ni ba. Na ɗauka zafin abin ne ya yi masa yawa.

Ya yi shekaru a tare da mu, kuma kada wani ya zaci labarin ya juye ya zama na daɗi. Bai yi arziki ba, bai sake aure ba. Namu mutanen ma ba su bar shi ya sha ruwa ba, suna kiransa Jauron Tarwaɗa, wai shi ne sarkin tarwaɗa na Fulani. Duk kaka, in garkuna suka gangaro fadama, sai ya fita ya tsaya a hanya yana duba fuskoki, ya dawo bai ga nasa ba. Na sha ganin ya yi kuka, ba ya ɓoyewa. Amma ban taɓa jin ya ce Allah ya manta da shi ba. In na matsa masa, ya ce shi dai tun da ya rasa kowa bai taɓa kwana da yunwa ba, bai taɓa ɗaga hannu ya ji an kore shi ba, to me zai ce? Zazzaɓin damina ne ya ɗauke shi. Masunta suka wanke shi, masunta suka sallace shi, ba Bafulatani ko ɗaya a sahu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kuɗin mai ya shigo, samarinmu sun jingine gora sun tafi Kano leburanci, kowa burinsa babur da rediyo. An datse kogi can sama, ruwan da kan mamaye fadama har ya taɓa katangar gari yanzu sai ya ga dama. Farin da aka yi a 'yan shekarun nan ya cinye garkunan da bushiya ta bari, kuma na ga Fulani da idona a kasuwar Haɗeja suna tayin kifi, ba mai ɗaga kai ya dube su. Abin da aka kori Buba a kansa ya zama ba komai. Wannan ne ke gajiyar da ni, ba tsufa ba. Na san shi dariya zai yi ya ce su yi hankali da ƙaya.

Bara na ga Sambo. Yana gadin siminti a wani gini a nan Haɗeja, ya tsufa, ko akuya ba shi da ita. Na so in wuce, shi ya kira ni. Ya riga ya ji labarin rasuwar. Muka zauna a kan bulo, ya ce Inna ta rasu a can kudu tun shekarar da suka tashi. Sannan ya ce:

“Malam Idi, ran nan da na fasa ƙwaryar, bayan Buba ya tafi, na zagaya bayan bukka na tarar da ita. Ta tsince kifin daga ƙasa, tana hure yashin tana ci tana kuka. Ba ta bar ko ƙaya ba. Na yi kamar ban gani ba.”

Na tambaye shi me ya hana a aiko wa Buba ko da wannan kalma ɗaya. Ya ce kunya. Na tashi na bar shi a wurin, kuma gaskiya har yau ban huce ba. Buba ya yafe musu tun yana da rai, na ji da kunnena, amma ni ba Buba ba ne.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, mutumin nan ya rayu ya mutu yana zaton uwarsa ma ta juya masa baya, kuma duk da haka ya samu inda ya jingina bai faɗi ba. Ni da iyali ke kewaye da ni, ƙaramin abu kan hana ni barci. In akwai abin da ya rage na Buba a duniya, to wannan natsuwar ce, ni kuwa da na gan ta kusa da kusa har yanzu ban iya ta ba.

Washegarin haɗuwarmu da Sambo na hau motar Auyo, na ƙarasa ƙauye a ƙafa. Ambaliyar shekarun baya ta shafe kaburburan, ban gane nasa ba. Ban tambayi malami ko mamaci yana ji ba. Na tsaya a tsakiyar maƙabartar, na roƙi Allah Ya jiƙansa, Ya haɗa shi da Innarsa a inda ba a ƙaura. Sannan na ɗaga murya yadda duk inda yake kwance za ta iske shi, na ce, “Buba, ta ci.”