Wayar Anti Edith da Hoton Madam

In aka tambayi Dominic Yashim inda ya koyi aikinsa, yakan ce rabi a shagon intanet, rabi a kemis ɗin Madam Ukachi, a gaban mutum bakwai, cikin minti biyu. Daga nan sai ya ba da labarin, kuma bai taɓa rage wa kansa komai a ciki ba.

A Samaru aka haife shi, a wani gida mai ɗaki biyu bayan kasuwa. Mahaifinsa ya taso daga Zonkwa yana saurayi, ya samu aiki a gonar gwaji, ya yi shekara talatin yana auna tsayin dawa da masara. Burin tsohon bai wuce ɗansa ya karanta aikin gona ba. Dominic ya karanta ɗin, ya kuma fito da takardar da ke shaida cewa ya dai shiga aji. Abin da ya iya tsakani da Allah a shagon intanet ya koye shi, inda yake zuwa buga wa 'yan ajinsu aikin makaranta, har hannunsa ya faɗa kan gina shafukan intanet.

Shafinsa na farko na mawaƙan cocinsu ne, na biyu na wata mai gyaran gashi. Bai cika talatin ba ya kama ɗan shago a bakin titi, ya sa aka rubuta masa Injiniya Dominic a jikin ƙofa, duk da ba wanda ya ba shi wannan suna sai mai fenti. Mutum ne mai son ƙyale-ƙyale. A shafukansa hotuna shawagi suke yi, rubutu kuwa siriri, ruwan toka a kan fari, don ya ga haka ake yayi.

Babban aikin da ya fara samu na Madam Ukachi ne, mai kemis a Muchia. A Sabon Gari aka haife ta, Hausa kuwa ta fi Dominic iya ta, musamman wajen faɗa. So take a yi mata shafin da mutum zai duba ko akwai maganinsa, ya saya, a kai masa gida. Sau huɗu tana sa shi ya canja hotonta na saman shafin. Na farko ta ce ya sa ta tsufa, na biyu ta ce kamar tana bin wani da gudu. Da aka kai na huɗu ransa ya gama ɓaci, sai ya huce a kan sunan fayil ɗin hoton, wurin da ya tabbata ba mai gani. Ya ɗora shi a shafi, ya manta.

Yana da ƙanwar mahaifi, Anti Edith, tsohuwar malamar firamare da ke zaune a Dogarawa. Hawan jinin ido ya cinye mata gani a hankali, shekara shida ke nan ba ta ganin komai. Amma waya a hannunta sai wanda ya gani. Akwai wata murya a ciki mai karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa, ta kuma ƙara wa muryar gudu har Dominic ba ya tsintar ko kalma ɗaya. A wannan kemis ɗin take sayen maganin suga. Ranar da za a buɗe shafin sai Dominic ya ɗauko ta a Keke Napep, don a samu ɗan gida da zai yaba.

Madam na tsaye bayan kanta, da mijinta Oga Amaechi, da masu sayen magani.

"Anti, ga shi nan. Ki gwada ki ji aikin ɗanki," in ji Dominic.

"To, Domi. Bari in rage mata gudu kowa ya ji."

Ta rage, ta ƙara sauti, ta ɗora yatsa. Wayar ta ce maɓalli. Ta matsa gaba, ta ce maɓalli. Ta sake matsawa, ta ce maɓalli marar suna.

"Wanne ne na maganin suga a cikinsu?"

"Kore ɗin, Anti."

Ta juyo da fuska wajensa. Ya ji abin da ya faɗa ya dawo masa kunne, ya yi fatan a ɗauke wuta ko wani abu ya faru. Ita kuwa ta mayar da yatsa can sama, inda hoton yake. Da yake bai rubuta bayanin hoton ba, wayar ta rasa abin karantawa sai sunan fayil. Cikin muryar Baturiya, dalla-dalla, ta ce: "Madam mai masifa, na huɗu, Allah ya sa shi ne na ƙarshe."

Lafazin ya karkace, amma ba wanda bai gane ba. Wata mai sayen maganin tari ta toshe baki da mayafi. Oga Amaechi ya juya yana gyara kwalaben da ba su karkace ba. Madam ta dubi Dominic daga sama har ƙasa.

"Sake kunna mini, Mama," ta ce.

Anti Edith ta sake kunnawa.

Dominic ya zaci aikin ya tafi ke nan. Madam dai ta ce masifar tata ba ta ƙare ba, kuma ba za ta karɓi shafin ba sai ranar da Mama ta sayi maganinta a ciki da hannunta, ba wanda ya taimaka.

Wata biyu ya yi yana zuwa Dogarawa duk Asabar da safe. Anti Edith ta mai da shi ɗan aji uku. Takan zauna a baranda da wayarta, shi a kan benci da kwamfuta a cinya, tana bin shafin layi-layi. Kowane maɓalli sai ya sa masa suna. Kowane hoto sai ya rubuta abin da ke ciki. Ranar farko ya yi zaƙewa, ya rubuta wa hoton kwalin magani bayani mai layi biyar, har da launin teburin da aka ɗora shi.

"Domi, magani na zo saya, ba labarin tebur ba. Sunansa da ƙarfinsa, shi ke nan."

Ta nuna masa cewa hotunansa masu shawagi suna katse mata karatu, sai muryar ta koma farko. Ta sa ya kira maƙwabcinta mai yanar ido, wanda ya kai wayar har kan hanci ya ce shi farar takarda kawai yake gani. Haka Dominic ya goge ruwan tokarsa yana jin kamar ana cire masa haƙori. Wata rana ta ce ya rufe ido ya sayi magani a shafin nasa da murya kaɗai. Ya yi minti ashirin, ya sayo audugar mata kwali goma sha biyu.

A Asabar ta tara Anti Edith ta sayi maganinta cikin minti uku, aka kawo mata kafin azahar. Madam ta karɓi shafin.

Da mutum ne mai hankali, da ya tsaya nan ya huta. Amma kansa ya sake kumbura. Ya ce tunda matsalar ta gani ce, zai raba kowa da taɓa waya, ya haɗa wata hanya da mutum zai faɗi sunan magani da baki, ita ma ta amsa da baki. Ya kai kemis yana cewa yanzu ba wanda aka bari a baya. Madam ta miƙa wa mijinta wayar.

Oga Amaechi yana da i'ina tun yana yaro, shi ya sa ba ya yawan magana a shago. Ya buɗe baki ya kama harafin farko, ya maƙale. Daƙiƙa biyu kacal na'urar ta jira, ta ce ba ta ji ba, ya sake faɗa. Ya sake, ta sake katse shi. A karo na uku ya ajiye wayar a hankali.

"Ta f-fi m-matata rashin haƙuri," ya ce.

An yi dariya, amma wannan karon kunyar da Dominic ya ji ta fi ta farko nauyi. Shi ne ya zaɓi daƙiƙa biyun nan da kansa, don yana son abin ya yi sauri. Ya koma ya sa na'urar ta jira har mai magana ya danna cewa ya gama. Ya ƙara wurin rubutu ga wanda ba ya son magana, ya sa duk amsar da ta faɗa ta fito a rubuce, saboda Madam ta tuna masa da wani tela kurma da ke sayen magani a wurinta.

Yanzu shekara uku ke nan. Ba ya miƙa aiki sai mutum uku ko huɗu irin su Anti Edith sun gwada, kuma yana sallamarsu kamar kowane ma'aikaci. Wasu masu ba da aiki suna cewa shafukansa ba su da ado, su tafi wurin wani. Wasu kuma saboda haka suke zuwa, har daga Kaduna.

A watan jiya wata ƙungiyar makafi ta gayyace shi ya yi musu bayani a wani zaure a Jushi. Ya shirya sosai, ya sa kaftaninsa mai kyau, ya haska hotuna a bango. Ya gaishe su, ya nuna bangon da ɗan yatsa ya ce, "Kamar yadda kuke gani a nan."

Can daga layin gaba Anti Edith ta ce, "Ku yi haƙuri da shi, ɗan yayana ne. Yana ƙoƙari."

Ya kashe na'urar haskawar, ya jawo kujera ya zauna a tsakiyarsu, ya ce kowa ya fito da wayarsa.