Tsarabar Mambila da tattabarun Kawu

Jiya na dawo daga Mambila, ko jaka ban ajiye ba Kawu Sule ya tare ni a zaurenmu na unguwar Kusfa a Zariya, wai ina tsaraba. Na nuna masa hoton wani ɗan koren tsuntsu da na kwana uku cikin sanyin dajin kan dutse kafin in gan shi.

Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "To ina naman?"

Na ce, "Kawu, kallo kawai muke yi. Ana ta sare dajin, in ya ƙare tsuntsun ba shi da wani gida."

Sai ya ce, "Kawo shi, akwai wuri a ɗakin tattabaruna." Na ce zafin Zariya zai kashe shi. Ya ce lallai tsuntsun nan ɗan gata ne.

Yau da safe na nemi madubin hangen nesana na rasa. Ashe Kawu yana kan soro da shi, har ya hango ɓatattun tattabarunsa biyu a gidan maƙwabci.

Yanzu cewa yake kallon tsuntsu ilimi ne babba. Jama'a, ta ina zan ɓullo masa in karɓo madubina?