Littafin Hedimasta a Bakin Ƙwaryar Kaka

Abu uku suka same ni a watan jiya: na koyi fareti, na ƙetare iyaka zuwa Dahome, na kuma kusa shayar da jariri littafin hedimasta.

Faretin na bikin 'yancin kai ne. Kullum da hantsi muna buga ƙafa a filin makarantarmu ta Bagudo, har kwaɗin fadama suka iya hagu da dama. Hedimasta ya ce ni zan riƙe tuta a gaba, don na fi kowa tsawo, ba don hali ba. Shi ne kuma ya ara mini wani littafin Turanci mai hotunan dabbobin ƙasashen ƙanƙara, inda mutane ke gina ɗaki da abin da mu ko gani ba mu taɓa yi ba. Da zai miƙo mini sai ya riƙe gefe ɗaya.

"Yadda na ba ka, haka za ka maido. Ko kunnen shafi ya lanƙwashe, tuta ta bar hannunka."

Ana haka gwaggona da ke aure a wani ƙauye bayan iyaka ta haihu. Inna ta ce in raka ta suna. Na naɗe littafin a tsumma, na cusa cikin riga. A Kaoje ruwa ya shanye gonakin shinkafa, sai da muka shiga kwalekwale, ni kuwa na rungume ƙirji kamar mai ciwon haƙarƙari. Iyakar da nake zaton katanga ce har sama, ashe dutse ne guda da akuya kwance a kansa.

A gidan gwaggo muka tarar da kaka, wadda ta riga mu zuwa don kula da mai jego. Tsakanina da ita sai tsiya.

"Angona, mi kaka ɓoyo ga ƙirji? Ko goron aurena na?"

Da na yi shiru da na huta. Amma mata sun cika tsakar gida suna daka, duk sun juyo. Sai na zare littafin a hankali, na ce ai wannan asirin Turawa ne, da shi suka mallaki duniya, yanzu ya faɗo hannunmu, shi ya sa suke ɗaure kaya za su koma gida. Na ce duk wanda ya sami shafi ɗaya a jikinsa, ko sauro sai ya yi masa sallama. Matan suka yi ta salati. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce za ta aje mini inda yara ba za su taɓa ba.

Da safen suna, bayan an raɗa wa yaro suna an watse, ta aiko kirana. Na same ta a ƙofar ɗaki da sabuwar ƙwarya cike da ruwa, littafin a buɗe bisa cinyarta. Ta zaɓi shafin wata dabbar teku mai ƙiba kamar buhun shinkafa, ga gashin baki, babu ƙafa.

"Wanga nika so. A wanke rubutun a ba yaro shi sha, shi yi jiki kamar abin ga."

Na ce ai rubutun inji ne, ba ya wankuwa kamar na allo.

"Sai a yage a jiƙa. Hura ma da hannu aka dama ta."

Na ce asirin ba ya kama jarirai. Ta ce jiya na ce kowa. Na ce ba ya aiki a nan Dahome, ƙasar Faransi. Ta ce Turawan Faransi ai sun riga namu tafiya. Duk ƙaryar da na jefa sai ta cafe ta maido mini. Yatsunta biyu sun riga sun kama saman shafin, gefen ƙasa kuma yana lilo a bakin ƙwarya. Na ga tuta tana tafiya a hannun gajeren ajinmu, ina biye da gugan ruwan sha.

Mata sun sake taruwa. Inna tana harara ta. Na durƙusa.

"Kaka, ƙarya na yi. Ba asiri ba ne. Labarin dabbobi ne, kuma na hedimasta ne."

Dariya ta fashe a tsakar gida har mai jego ta leƙo. Kaka ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe mijin nau maƙaryaci na. To na sake ka, tai ka nemi wata."

Ta rufe littafin ta miƙo. Sai dai gefen shafin ya riga ya sha ruwa. Na shanya shi a rana, na danne da dutsen niƙa, na yi masa addu'ar da ban taɓa yi wa kaina ba. Ya bushe, amma ya yi kumburi, gashin bakin dabbar ya karkace.

Ranar da muka dawo na kai wa hedimasta. Ya riƙa buɗewa shafi-shafi, yana lasar yatsa. Da ya iso wurin ya tsaya, ya san hanyar da muka bi.

"Kwalekwale?"

Ga ƙarya ta zo har gida, a shirye, ba ni na nemo ta ba. Na haɗiye ta. Na ba shi labari tun daga tsakar gida har ƙwarya. Ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo fuskarsa a ɗaure.

"Magana ɗaya nake yi. Tuta ta bar hannunka."

Ranar biki gajeren nan ne ya riƙe ta, iska ta kusa tafiya da shi har garin Bahindi. Ni ina layin baya. Da aka tashi hedimasta ya kira ni, ya zaro wani littafin daga aljihun riga, na taurari wannan karon.

"Wannan kuma," ya ce, "kada kakarka ta gan shi."