Ciyaman ɗin da ya sa direbobi layin awon jini

Yau da safe ina tsakiyar lodin fasinjan Gwaram aka kira ni a waya: Alhaji Garba, ciyaman ɗin direbobin tasharmu ta Birnin Kudu, ya rasu bayan sallar asuba. Sai da na fito daga mota na zauna a ƙasa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na yi kuka, amma wallahi abin da ya fi cika min zuciya alfahari ne da bawan Allahn nan.

Da muka zaɓe shi, kowa ya ɗauka rikicin layin lodi zai fara da shi. Sai ga shi ran wata Laraba ya shigo da Hajiya Talatu, wata nas da ta yi ritaya, riƙe da na'urar awon jini. Muka yi ta dariya. Wani ya ce, "Ciyaman, tasha ce ko asibiti?"

Ya ce, "Kullum da safe kuna buɗe bonet ku duba mai da ruwa. Ku wa ke duba ku?"

Shi ya fara miƙa hannu aka auna. Ranar aka gano hawan jini a jikin mutanen da ke ɗaukar rayukan jama'a kullum, su ba su sani ba. Tun ranar awon ya zama na kowace Laraba.

Daga nan ya kawo doka: wanda ya dawo daga Basirka sai ya ci abinci, ya miƙe bayansa a rumfa kafin ya sake lodi, kuma ba mai taɓa masa layi. Da safe mu zagaya tasha a ƙafa, shi a gaba da tumbinsa, yana haki yana tsokanar mu. In lokacin salla ya yi, a kashe inji. Masu shan ƙwaya don kada su ji gajiya bai kore su ba, ɗaya bayan ɗaya ya riƙa jan su gefe.

Nawa labarin kuwa ban taɓa faɗarsa a nan ba.

Shekarun baya tayata ta fashe a hanyar Farin Dutse, mota ta faɗi, wata tsohuwa cikin fasinjojina ta rasu. Jikina ya warke da wuri, amma da na kama sitiyari sai na kasa tuƙi. Na kulle kaina a gida. Mutane na cewa ragwanta ce, wasu na cewa rashin tawakkali.

Alhaji ya zo har zaurenmu. Bai yi min wa'azi ba. Ya zauna na yi ta magana har na gaji. Sannan ya ce, "Musa, zuciya ma tana jin rauni, kuma ana yi mata magani." Ya sa Hajiya Talatu ta haɗa ni da likita, ya kai ni wurin liman muka yi wa tsohuwar addu'a, ya raka ni ta'aziyya gidan 'ya'yanta.

Da lokaci ya yi, shi da kansa ya buɗe gaban motata ya zauna.

"Gwaram za ni, direba. Mu tafi."

Na tuƙa kamar mai koyo, gumi ya jiƙa min riga. Bai ce yi sauri ba, bai ce yi a hankali ba, hirar noman riɗi kawai yake min. Da muka shiga tashar Gwaram ya leƙo da kai ta taga ya ɗaga murya: "Musa ya dawo!" Direbobi suka yo kaina da kabbara.

Daga ranar ban sake ajiye mota ba.

Ganinmu na ƙarshe Larabar da ta wuce ne. Ya rame, amma yana cikin layin awon jini kamar kowa, ya ƙi a ba shi kujera. Ranar ma direbobin Gwaram sun zo ganin yadda muke yi, don su ma sun samo tasu nas ɗin. Ya matso kusa da ni yana murmushi ya ce, "Ka gani ko? Abin ya fi ƙarfina yanzu. Ko ba ni, zai tafi."

Yau an rufe tasha. Motocin Gwaram, na Basirka, na Kwandiko, duk sun jeru tun daga ƙofar gidansa har bakin titi. Cikin masu ɗaukar makara na ga mutum biyu da ya raba da ƙwaya, lafiyayyu, suna rige-rigen sa kafaɗa.

Ya Allah, bawanka Garba ya kula da mu, Ka kula da shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya taɓa shiga motar layinmu ya sauka lafiya, akwai hannun Alhaji a ciki. Don Allah ku sa shi a addu'a.